Wuya Makarantar Wa?

Bahaushe ya ce wuya makarantar kare. Bai ce makarantar mutum ba, kuma ina jin da gangan ya yi. Karen da ya sha taɓarya a bakin madafi ba ya sake leƙa tukunya in uwargida tana kusa, amma iyakar karatunsa ke nan: ya san inda taɓarya take, ya san mai riƙe da ita. Game da naman da ya sata, ra'ayinsa na nan yadda yake.

Duk da haka, wanda ya taɓa zama a majami'a ranar da aka ba jama'a fili su ba da shaida ya san yadda labarin yake tafiya. Wani zai miƙe ya ce sai da ya kwanta a gadon asibiti sannan ya tuna da Ubangiji. Wata za ta ce sai da jari ya karye, abokai suka watse, sannan ta koyi durƙusawa. Jama'a su ce amin, a tafa, a rera waƙa. Ba na ƙaryata kowa a cikinsu. Abin da nake so in bincika shi ne me wahala take iya koya wa mutum da kanta, kuma a ina iyawarta take tsayawa. Babu labarin da ya fi dacewa da wannan bincike kamar na John Newton, Baturen Ingila wanda masu wa'azi a ko'ina suke son kawowa misali, amma sau da yawa rabinsa kawai suke faɗa.

An haife shi a Landan a 1725. Mahaifiyarsa mace ce mai ibada, ta koya masa karatun Littafi Mai Tsarki, ta rasu kafin ya cika shekara 7. Yana ɗan shekara 11 ya fara bin mahaifinsa tafiyar teku. Ya tashi gagararre, mai baƙin baki, wanda ko a cikin ma'aikatan jirgi, mutanen da ashar ba baƙo ba ne a wurinsu, ya yi fice wajen saɓo. Aka kama shi da ƙarfi aka sa shi aikin sojan ruwa, ya gudu, aka kamo shi, aka tuɓe shi aka yi masa bulala a gaban kowa, aka rage masa muƙami. Daga nan ya faɗa jirgin fataucin bayi, ya ƙare a 1745 a tsibirin Plantain, kusa da gaɓar Saliyo, yana yi wa wani dillalin bayi aiki.

A can ne ya sha wuyar da ta fi kowace. Zazzaɓi ya kwantar da shi sa'ad da ubangidansa ya yi tafiya, matar gidan kuma, 'yar babban gida ce a ƙasar, ta tsane shi. Ta bar shi da yunwa, ta sa yaranta su yi ta yi masa ba'a. Da dare yakan lallaɓa gona ya tono saiwa ya ci ɗanya. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa bayin da ke ɗaure cikin sarƙa sukan kawo masa ɗan abinci a ɓoye daga abin da aka ba su. A riƙe wannan magana, don za mu bukace ta. Littafi ɗaya ne a hannunsa, na lissafin Euclid, yakan zauna a bakin teku yana zana darussansa a kan yashi.

To me wannan wuya ta koya masa? Bisa ga shaidarsa, babu komai. An ƙasƙanta shi iyakar ƙasƙanci, amma bai ƙasƙantar da kansa ba. Waɗannan abubuwa biyu suna kama da juna a baki, a zuciya kuwa tsakaninsu akwai nisa. Ƙasƙanci abu ne da ake yi wa mutum, yunwa da bulala da dariyar mutane suna iya yi masa shi ko yana so ko ba ya so. Ƙasƙantar da kai kuwa, wanda Littafi Mai Tsarki yake kira tawali'u, aiki ne da babu mai iya yi wa wani. Mutum yana iya kwanciya a ƙasa wanwar, girman kansa na tsaye a cikinsa. Da aka ceto Newton a 1747, wani kyaftin da mahaifinsa ya roƙa ya neme shi ya ɗauke shi a jirgin da ake kira Greyhound, saɓonsa ya ma ƙaru, har kyaftin ɗin ya riƙa tsawata masa.

Sai daren 10 ga Maris 1748, bisa kalandar da Ingila take amfani da ita a lokacin. Suna kan hanyar gida a tekun Atlantika, hadari ya far wa jirgin, ruwa ya fasa gefensa ya cika ɗakin da Newton yake barci. Ya nufi sama, aka mai da shi ya ɗauko wuƙa, mutumin da ya hau a madadinsa igiyar ruwa ta share shi nan take. Suka yi ta kwarfar ruwa, suna toshe ɓaraka da tufafi da shimfiɗu. A tsakiyar wannan aiki ne bakinsa ya suɓuce ya roƙi jinƙan Ubangiji, kuma maganar ta ba shi mamaki shi da kansa, don shekaru ke nan bai ambaci sunan Allah ba sai don zagi. Kayan da jirgin ya ɗauko, kakin zuma da itace, sun fi ruwa sauƙi, abin da ya taimaka bai nutse ba. Suka yi kusan mako huɗu suna jan jiki a teku, abinci na ƙarewa, kyaftin yana ta cewa Newton ne Yunusan jirgin, da a jefa shi ruwa da an huta. Ran 8 ga Afrilu suka shiga Lough Swilly a arewacin Ailan. Newton ya tafi majami'a, ya karɓi jibin Ubangiji, kuma har ƙarshen ransa yana kiyaye ranar hadarin kowace shekara da addu'a.

Nan masu wa'azi suke son tsayawa, su tsallaka kai tsaye zuwa waƙarsa ta Amazing Grace. Amma tsakanin hadarin da waƙar akwai shekara 25, kuma abin da ke cikinsu ba ya shiga wa'azi da sauƙi.

Jirgin Greyhound ba bayi ya ɗauko ba. Bayan hadarin ne, bayan addu'ar, bayan jibin Ubangiji, Newton ya shiga fataucin bayi gadan-gadan. Ya fara da zama mataimakin kyaftin a jirgin Brownlow, sa'an nan daga 1750 zuwa 1754 ya yi tafiya uku yana kyaftin da kansa, ɗaya a Duke of Argyle, biyu a African, daga Liverpool zuwa gaɓar Afirka ta Yamma zuwa tsibiran Karebiyan. Littafin da yake rubuta al'amuran jirgi yau da kullum yana nan har yanzu. A ciki akwai cinikin mutane, akwai lissafin waɗanda suka mutu a hanya, da lamba ake ambatarsu ba da suna ba, akwai ranar da ya sa aka matse wa wasu yara manyan yatsu da ƙarfe don su tona shirin tawaye. A wannan jirgin dai yakan tara ma'aikatansa ranar Lahadi a yi sujada. Ya daina ashar, ya daina saɓo, yana rubuta wa matarsa Mary wasiƙu masu taushi, yana koyon Latin a ɗakinsa. Ya ce a tafiye-tafiyen nan na ƙarshe ya ji daɗin zumunci da Allah irin wanda bai taɓa ji ba. Ƙarƙashin katakon da yake durƙusawa a kai, mutane ne jere cikin sarƙa. Kuma ba lamiri ne ya fitar da shi daga sana'ar ba. Wani ciwo mai kama da farfaɗiya ne ya buge shi a 1754 ana gab da tashi, likitoci suka hana shi tafiya.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce tuban muzuru ya yi. Mun san irin wannan tuba, mun ji shi a bakin yaron da ke shan bulala yana ihu, na tuba, na bi Allah na bi ka, alhali abin da yake nufi shi ne a dakata. Littafin Fitowa ya ba mu babban misalinsa a Fir'auna, wanda ya amsa laifinsa a gaban Musa da ƙanƙara ta sauko, ya sake amsawa da fara ta rufe ƙasa, kuma duk lokacin da sauƙi ya samu sai zuciyarsa ta koma inda take. Da Newton irin wannan ne, da labarinsa bai dame ni ba. Amma ba haka ba ne. Ya yi tuntuɓe bayan hadarin, shi ma ya faɗa, sai dai bai koma gidan jiya ba. Canjin da ya same shi na gaske ne. Matsalar ita ce tubansa ya kai iyakar inda idonsa yake gani, idon kuma wahala ce ta buɗe shi, wahala kuwa gajeren gani gare ta. Tana nuna wa mutum rauninsa, da kusancin mutuwarsa, da zunuban da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ba ta cika nuna masa wanda yake takawa ba. Mai ciwon haƙori ba ya jin kukan maƙwabci. Mutumin da bayi suka ciyar daga cikin ɗan rabonsu ya fito daga wannan makaranta ya san yunwa sarai, amma ya ɗauke ta a matsayin abin da ya faru da shi, ba abin da ke faruwa da mutane ba.

Za a ce zamaninsa ne, kowa a Liverpool yana ganin cinikin halal ne, doka ta yarda, manyan ikilisiya ba su hana ba. Gaskiya ne, kuma Newton ya ce bai taɓa shakkar halaccinsa ba a lokacin, sai dai yana jin aikin kamar na mai gadin kurkuku, yana addu'a a canja masa wani. Amma wannan uzuri shi ne ainihin abin tsoron. Hadari yana iya girgiza mutum ya bar abin da kowa ya san laifi ne. Abin da kowa ya ɗauka daidai ne kuwa, hadari ba ya taɓa shi.

Littafi Mai Tsarki kansa bai yarda da wahala yadda muke yarda da ita ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda yake kai ga tuba da wanda yake kai ga mutuwa, kuma daga waje ba a cika bambanta su ba. Bitrus da Yahuza duka sun ci amanar Yesu a dare guda, duka sun yi nadama mai zafi, ɗaya ya koma cikin 'yan'uwa, ɗaya ya rataye kansa. Mutum biyu aka gicciye tare da Yesu, azaba iri ɗaya, ɗaya ya yi zagi, ɗaya ya yi roƙo. Ko ɗan nan na misalin da ke cikin Luka sura 15, wanda yunwa ta kora daga kiwon aladu, in aka duba da kyau, da lissafi ya tashi: barorin gidan ubansa suna ƙoshi, gara ya je ya nemi aikin lada. Yunwa ta ɗora shi a hanya. Abin da ya mai da shi ɗa kuwa ya faru ne tun yana daga nesa, da uban ya sheƙo a guje bai bar shi ya ƙarasa jawabinsa ba. Shi ya sa a wasiƙar Romawa Bulus ya ce alherin Allah ne yake jawo mutum ga tuba.

Akwai kuma Manassa, sarkin Yahuza da ya yi mulki shekara 55 a Urushalima, ya cika Haikali da gumaka, ya ƙona 'ya'yansa hadaya. Littafin Tarihi na biyu ya ce sarakunan yaƙin Assuriya sun sa masa ƙugiya, suka ɗaure shi da sarƙar tagulla zuwa Babila, can ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi, ya komo ya rushe abin da ya gina. Littafin Sarakuna na biyu ya ba da labarin sarkin nan bai ambaci tubansa ba ko kaɗan, zunubansa da jinin marasa laifi da ya zubar kawai ya lissafta, har ya ɗora faɗuwar Urushalima a kansa. Na daɗe ina ganin hikima ce aka bar littattafan biyu gefe da gefe ba a daidaita su ba. Ɗaya yana magana daga wajen mai tuba, ɗaya daga wajen waɗanda aka binne kafin ya tuba.

Mu koma Ingila. Bayan shekaru yana aikin kwastan a tashar Liverpool, yana neman a naɗa shi ana ƙi, an naɗa Newton a 1764 aka tura shi Olney, ƙaramin gari na matalauta masu saƙa. A 1767 mawaƙi William Cowper ya tare a garin, suka zama aminai, suka shiga rubuta waƙoƙin sujada waɗanda aka buga a 1779. Amazing Grace Newton ya rubuta ta ne don wa'azin ranar sabuwar shekara ta 1773, a kan addu'ar Dawuda da ke Littafin Tarihi na farko sura 17. Babu maganar bayi a cikinta.

A cikin wannan watan na Janairu ne ciwon Cowper ya tashi. Dā ma ya taɓa fama da taɓin hankali na baƙin ciki har ya nemi kashe kansa, ya warke, ya ba da gaskiya da murna. A wannan karon duhun ya zo da wani abu dabam: ya tabbata a ransa cewa Allah ya yashe shi har abada. Bai ƙara shiga sujada ba, kuma da wannan nauyi ya rayu har ya mutu a 1800. Ga mutum mai taushin zuciya, wanda bai taɓa sayar da kowa ba, wahala ta zo masa ba ta ƙara masa bangaskiya ba, ta ƙwace wadda yake da ita. Duk mai cewa wuya hanyar Allah ce kai tsaye, sai ya tsaya a ƙofar Cowper ya maimaita. Abokan Ayuba sun yi irin wannan wa'azi, suka nace lalle akwai zunubin da ya jawo masa masifa, a ƙarshen littafin kuwa su aka tsawata wa. Da aka kawo wa Yesu labarin waɗanda suka mutu mummunar mutuwa, shi ma ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, sa'an nan ya juya kiran tuban ga masu sauraronsa, waɗanda babu abin da ya faɗo musu. Wannan juyi ya fi ƙarfin karin maganarmu. Wahalar da ake so ta karya zuciyata ba lalle tawa ba ce.

A nan ne nake ganin tawali'un Newton ya fara nuna. Bai yi wa Cowper wa'azin horo ba. Ya ɗauke shi ya ajiye a gidansa fiye da shekara guda, shi da Mary suna jinyarsa dare da rana. Mutumin da ya taɓa lissafta matattu da lamba ya koyi zama kusa da wahalar wani ba tare da ya fassara ta ba. Ko wannan ne ya buɗe masa ido game da bayi, ba zan ce ba. Abin da ke tabbas shi ne tsawon lokacin. A 1780 ya koma Landan, majami'ar St Mary Woolnoth. A 1785 wani matashin ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo masa a asirce yana tunanin barin siyasa ya koma ibada, Newton ya ce masa ya zauna inda yake ya yi wa Allah aiki a can. Sai a 1788, shekara 40 bayan hadarin, shekara 34 bayan ya sauka daga jirginsa na ƙarshe, ya buga ɗan littafinsa a kan cinikin bayin Afirka. A ciki ya bayyana yadda ake cusa mutane a cikin jirgi, da abin da ake yi wa mata, da yadda sana'ar take kashe tausayi a zuciyar masu yin ta. Ya ƙaryata masu cewa mutanen Afirka dabbobi ne, ya ce ya zauna cikinsu ya ga amana. Ya amsa cewa furcin nasa ya makara, kuma abin zai kasance masa abin kunya muddin ransa. An aika wa 'yan majalisa kofe, ya kuma je ya ba da shaida da bakinsa.

Ban san wani hadari da ya same shi a 1788 ba. Yana da shekara 62, sananne, ana girmama shi, babu abin da ya tilasta masa ya tono abin da mutane suka manta. A ganina wannan tuba na biyu, wanda aka yi cikin kwanciyar hankali, ya fi na farko tsada, domin na farko ransa yake so ya tsira, na biyu kuwa mutuncinsa ya ajiye. Kuma ina jin bangaskiyar da ya samu a teku ce ta ba shi ƙarfin yin haka. Koyarwar da ya yi shekaru yana wa'azinta ita ce ba a karɓi mutum don ya cancanta ba, an karɓe shi ne saboda wahalar da Wani ya sha a kan gicciye. Wanda ya gaskata haka da gaske ba shi da sauran bukatar kare sunansa, yana iya duban mafi munin abin da ya yi ya kira shi da sunansa. Abin mamakin shi ne yadda mutum zai riƙe wannan koyarwa shekara 40 kafin ta iso ƙarƙashin katakon jirginsa.

Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a Maris 1807. Newton, ya tsufa, ido ya kusa tafiya, ya rasu ran 21 ga Disamba na shekarar. Shi ya rubuta abin da za a sa a kabarinsa. Ya kira kansa tsohon kafiri da fasiƙi, wanda ya taɓa zama baran bayi a Afirka, wanda jinƙan Almasihu ya kiyaye, ya gafarta wa, ya sa shi wa'azin bangaskiyar da ya daɗe yana neman rushewa. Wahalar tsibirin Plantain ta shiga rubutun. Duke of Argyle da African ba su shiga ba.